Abarshi da Ƙasar Garkar Barmo

A Dogarawa, in aka ce Abarshi, sai an ƙara da "mijin Delu" ko "mai garkar gangare", don ba shi kaɗai ke da sunan a garin ba. Amma wanda ake nufi a nan, ko ba a ƙara komai ba za a gane shi. Dogon mutum ne siriri, mai tafiya yana leƙen gonakin mutane da wutsiyar ido. Manomi ne na gaske, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Aibinsa ɗaya: ba ya iya ganin abu mai kyau a hannun wani ya wuce bai auna shi da nasa ba. In geron maƙwabci ya fi nasa tsawon zangarniya, to ranar ko an sa masa man shanu a tuwo ba zai ji daɗinsa ba.

An haife shi tun zamanin Nasara, a gidan da ba a rasa hatsi ba kuma ba a yi rarar da za a yi fahari da ita ba. Uwarsa ƙanwar uban wani ɗan garin ce mai suna Barmo. Ke nan shi da Barmo taubasai ne, shi ɗan mace, Barmo ɗan namiji. A al'adar wurin ɗan mace bawan ɗan namiji ne, bautar da ba ta wuce fatar baki ba. Tun suna yara Barmo bai taɓa kiransa da sunansa ba. "Bawana" yake ce masa, a gida, a kasuwa, har a ƙofar masallaci, ya kuma yi tsalle ya fizge masa hula, don shi gajere ne. Abarshi ya bi shi da gudu yana cewa, "Kawo hulata, ubangidan da ba shi da ko akuya!" Mutane su yi ta dariya. Da suka girma aka ba Abarshi Delu, ƙanwar Barmo, sai wasan ya ƙara samun gindin zama.

Abarshi ya nemi na kansa da ƙarfinsa. Ya yi ci-rani a Sakkwato yana sayar da ruwa. Daga baya ya yi shekaru a Malbaza yana lodin siminti a manyan motoci, har ƙirjinsa ya fara kuka ya dawo gida. Da abin da ya tara ya sayi shanun noma biyu, ya haƙa rijiya a wani fili can gangare, bayan ƙorama, ya mai da shi garkar albasa. Shi kuwa Barmo mutum ne mai sakin jiki, mai son hira da shayi, garkarsa tana bakin kwalta, rabinta ciyawa. Fari na tamanin da huɗu ya kwashe dabbobin Barmo kaf. Abarshi ya rasa sa ɗaya, ɗayan ya rayu da ƙyar, har da ciyawar rufin rumbu aka ciyar da shi.

Duk tsawon shekarun nan Abarshi ne a gaba, kuma muddin shi ne a gaba, kalmar "bawana" daɗi take masa. Mai sa da rijiya, in wanda ba shi da akuya ya kira shi bawa, ai abin dariya ne, kuma kowa ya san wa ake yi wa dariyar.

Shekara uku bayan farin, da aka gama girbi sanyi ya fara shigowa, wata farar mota ta tsaya a ƙofar maigari. Wanda ya fito daga ciki Lurwanu ne, ma'aikacin wata tashar binciken noma da ke Ƙwanni, ɗan 'yan kasuwar garin ne da ya yi lakwal, wato karatun boko, mai zurfi. Aikinsa binciken ciyawar dabbobi. Tun bayan farin, in ji shi, ake neman abin da za a shuka a garka da sanyi wanda zai riƙe dabba har damina. Ya buɗe wata jaka ya nuna iri, ƙanana rawaya kamar riɗi. Ya ce daga Masar aka kawo shi, can barsim suke kiransa, ɗan uwan wake da gyaɗa ne, kuma ba a san ko zai yarda da ƙasarmu ba sai an gwada. Yana neman garka mai rijiya.

Abarshi bai yi shakkar komai ba. Garka mai rijiya a Dogarawa, wadda aka gyara kamar tsakar gidan amarya, ai tasa ce. Washegari ya share bakin rijiyar, ya sa rigarsa ta Juma'a ranar da ba Juma'a ba, ya zauna yana jira. Motar ta zo har bakin ƙorama, direban ya dubi yashin ya girgiza kai. Lurwanu ya ce shi duk mako zai riƙa zuwa da ma'auni da kaya, dole sai wurin da mota ke isa. Suka juya. Garkar da ke bakin kwalta ita aka zaɓa, da ciyawarta da komai.

Da yamma Barmo ya same shi a dandali. "Bawana, an ce yau ka yi ado kamar mai zuwa neman aure. Mota kaj jira? Ai mota gidan iyayengiji taka tsayawa."

Abarshi ya yi dariya tare da kowa, amma dariyar a haƙora ta tsaya.

Ranar shuka rabin garin ya je kallo, har da shi, can baya, yana yi kamar hanya ce ta biyo da shi. Lurwanu ya zauna a inuwa ya jiƙa irin da ruwan ƙaro, ya barbaɗa masa wani baƙin gari daga wata 'yar leda, ya cuɗa. Ya ce a cikin garin nan akwai wasu halittu masu rai da ido ba ya gani. Su ne ke shiga saiwar ciyawar su yi ƙulle-ƙulle, irin waɗanda ake gani a saiwar gyaɗa in an tuge ta, kuma ta cikin ƙullin nan ciyawar ke samun abincinta daga iska. Na wake da gyaɗa suna nan cikin ƙasarmu tun kaka da kakanni, amma na wannan baƙuwa babu su, sai an kawo mata nata. Tsofaffi suka ce Allah mai iko. Abarshi ya ce a ransa, ba za ta fito ba.

Ta fito. Ta fito kore shar, mai laushi, kowane reshe da ganye uku a haɗe, har mutane suka manta da sunan Masar suka koma kiranta ganye-uku. Da ta kai gwiwa Lurwanu ya zo aka yanka, aka auna, ya ɗebi kaɗan ya tafi da shi, sauran ya bar wa mai garka. Abin da ya fi ba mutane mamaki, ba ta mutu ba. Aka ba ta ruwa ta sake tashi, aka sake yanka, ta sake tashi. Barmo ya samo wani ramammen rago da ake ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, kafin bazara ragon ya yi wuya ya yi gindi. Aka kafa allo mai rubutun Faransanci a bakin garkar. Direbobin siminti suka riƙa rage gudu suna leƙe. Wata rana har baƙi suka zo daga Yamai, suka ɗauki hoton Barmo yana riƙe da dami, yana washe baki.

Ƙyashi ya kama Abarshi, kuma ba ƙaramin kamu ba. Da farko ya daina bin hanyar kwalta, ya riƙa zagayawa ta bayan gari don kada ya gani. Bai jure ba, ya dawo yana bi har sau biyu a rana don ya gani, ko Allah zai sa ya tarar ta fara rawaya. Ya zama shi ya fi mai garkar sanin halin da kowane fangali ke ciki. In an yabi ciyawar a gabansa sai ya ce ai ruwa ne zalla, ba ta riƙe ciki. In an yabi ragon sai ya ce kumburi ne. Abin da ya fi ci masa rai, Barmo bai yi wahalar komai ba. Shi ya ci ƙurar siminti har ƙirjinsa ya lalace kafin ya samu rijiya, wannan kuwa yana zaune yana kaɗa shayi arziki ya yi fakin a ƙofarsa.

Delu ta gane tun da wuri, don ita ma taubashiyarsa ce kafin ta zama matarsa, kuma bakinta bai mutu ba. Ranar da Barmo ya aiko musu da dami don sansu, ta tarar Abarshi ya tsaya yana kallon san yana ci kamar zai haɗiye igiyar.

"Malam, ko kai ma in ɗebo maka? Na ga kana haɗiyar miyau."

"Ki kwashe abin ga daga gabanai. Zawo za shi sa mai."

"To shi dai bai ce ba," in ji Delu, ta bar san da daminsa.

Da sanyi ya zagayo, Lurwanu ya ce gwajin farko ya yi kyau, yanzu ana so a gani ko za ta yi a wasu garake. Ya kawo iri ya raba wa duk mai so. Amma baƙin garin nan bai samu ba, ya ce daga nesa ake kawo shi kuma zafin hanya na kashe shi. Ya ce ba komai, halittun yanzu sun zauna a ƙasar garkar Barmo. Kowa ya ɗebi kwando guda na ƙasar, ya watsa a fangalinsa da damshi, kada ya bari rana ta gasa ta, shi ke nan.

Wurin ya yi tsit. Lurwanu ɗan ƙasa ne, ya san dalili, sai ya yi murmushi. A Dogarawa ƙasar gonar wani ba abin wasa ba ce. Kowa ya tashi ya ji ana cewa wanda ya ɗebi ƙasar gonarka a ɓoye ya kai tasa, albarkar gonar ya ɗauke, taka ta mutu tasa ta tashi. An sha ɓata zumunci a kan haka. Sai maigari da limam suka yanke magana: abin da mai gona ya bayar da hannunsa, da rana tsaka, a gaban mutane, kyauta ce, babu abin zargi a ciki.

Haka aka yi. Barmo ya zauna a bakin fangali da fartanya, duk wanda ya zo ya yi bisimilla ya cika masa kwando. Bai karɓi ko goro ba. Abarshi ya karɓi iri a hannun Lurwanu, ya ɗaure a bakin rigarsa, ya juya zai tafi. Barmo ya hango shi.

"Ina bawana za shi? Kawo kwandonka! Kai naka har da gyara, amma sai ka durƙusa ka ce ubangidana ka taimake ni."

Aka fashe da dariya. Wannan magana ba ta fi waɗanda Barmo ya saba yi masa tun suna yara zafi ba, kuma da a bara waccan ne, da Abarshi ya durƙusa da gangan ya yi kirari ya karɓa, a ƙara dariya. Amma yanzu maganar ta yi kama da gaskiya. Ya ji kamar duk garin ya taru ne don a ga ranar da zai miƙa hannu.

"Ƙasag garkata ta ishe ni," in ji shi. "Ban taɓa roƙon ƙasa ba, ba kuwa yau za ni hwarawa ba."

Ya tafi ya gyara fangali kamar zai shuka zinariya. Ɗan takin da yake tarawa don albasa ya juye mata. Ciyawar ta fito, ta yi kore, Abarshi ya fara tafiya yana ɗaga kafaɗa. Aka yi yankan farko. Daga nan sai ta tsaya. Abin da ya sake tsirowa siriri ne, rawaya, ganyen ƙanana kamar an yi musu rowa. Na sauran mutanen da suka karɓi ƙasa kuwa, har da malalata, sai tashi suke yi.

Lurwanu ya tako da ƙafa har gangare ya duba. Ya tuge ɗaya ya wanke saiwar a guga, ga ta fara sol, babu ƙulli ko ɗaya. Ya ciro wata daga aljihu da ya tugo a garkar Barmo, ita kuwa duk ƙulle-ƙulle. Ya fasa ɗaya da farce ya nuna masa cikin, ja-ja.

"Ka gani, Baba Abarshi? In cikin ya yi ja, suna aiki. Aikinka ya hi na kowa kyau, wallahi. Abu guda ya rage, kuma kyauta aka ba da shi."

Abarshi ya ce zai duba. A ransa kuwa ba kalmar yabon ya riƙe ba, saiwar ya riƙe. Ko a ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya gani, Barmo ya fi shi.

Delu ba ta yi shawara da shi ba, ta je gidan yayanta ta dawo da kwando cike a kai. Ta ce Yaya ya ce a gaya wa bawansa an yafe masa durƙuson. Abarshi ya dubi ƙasar, baƙa, mai damshi, har ƙamshi take yi. Ransa ya biya ƙwarai. Amma ya san gobe a dandali za a ce matarsa ce ta roƙo masa.

"Mai da mai abinai."

"Malam, ƙasa ce hwa. Ƙasag gidanmu, inda uwarka ta yi rarrahe."

"Na ce ki mai da."

Ta mayar, tana tafe tana share hawaye, don ba ta taɓa mai da kyautar ɗan'uwanta ba.

Shekara ta sake zagayowa. Abarshi ya yi damina yana juya abu ɗaya a zuciya. Yana son ciyawar, yana son ta fi ta Barmo, kuma ba ya son a ce da hannun Barmo a ciki. Zai iya zuwa wurin waɗanda suka karɓa bara ya roƙa, amma wannan ma ƙasar Barmo ce, kuma kafin ya iso gida labari ya riga shi. Sai dabara ta zo masa, irin dabarar da ƙyashi ke kawo wa mai hankali. In ya ɗiba ba wanda ya sani, ciyawarsa ta tashi, sai a ce Abarshi ya yi abin da ya gagari kowa, ya tashe ta da ƙasarsa kawai.

Ya zaɓi ranar Juma'a, lokacin da duk namijin da ya isa yake masallaci. Ya ce wa Delu cikinsa na murɗa. Da aka yi kiran salla ya ɗauki wani tsohon buhun siminti ya bi ta ƙorama ya ɓullo ta bayan garkar Barmo, ya tsallake shinge. Ya durƙusa. Durƙuson da ya ƙi yi a gaban mutane ya yi shi a nan, gwiwa biyu a ƙasa, yana yaƙutar ƙasa da hannu yana turawa a buhu.

Abin da ya manta shi ne mata ba sa zuwa Juma'a a garin. Asabe, wata bazawara mai awaki, tana yankar ciyawa a gindin shingen. Ba ta yi tari ba, ba ta yi sallama ba. Ta dai kalle shi tun daga tsallakawa har saɓa buhu, ta ɗaure ciyawarta ta nufi rijiyar gari, inda mata ke taruwa.

Maganar ba ta fashe nan take ba, ta riƙa bin ƙarƙashin zaure tana jiran abin da zai tabbatar da ita. Abin kuwa ya zo. Ciyawar Abarshi ta tashi irin tashin da ba a taɓa gani ba, don ga ƙasa mai rai ga hannun manomi. A daidai lokacin rijiyar Barmo ta ja baya, don daminar ba ta yi ƙarfi ba kuma rijiyar ba ta da zurfi, rabin garkarsa ya bushe. Wasu rijiyoyin bakin kwalta ma sun ja baya, amma ba wanda ya tsaya lissafa su. Gari ya ɗauka: Abarshi ya bar sallar Juma'a ya je ya sace albarkar garkar ɗan kawunsa, yayan matarsa. In ya shigo dandali sai hira ta mutu. Masu garaken da ke kusa da tasa suka fara ƙara ƙaya a shinge. Lurwanu ya yi ta bayani cewa ƙasa ba ta shanye rijiya, aka ce masa shi yaron lakwal ne, akwai abin da ba a koyarwa a can.

Dangin Barmo suka kai ƙara. Aka taru a zauren maigari bayan la'asar, Asabe ta faɗi abin da ta gani daga bayan ƙofa, ba ta rage ba, ta ma ɗan ƙara. Aka tambayi Abarshi. In ya ce bai ɗiba ba, ƙarya ce kuma an gan shi. In ya ce ya ɗiba amma ba don asiri ba, sai a tambaye shi me ya hana shi karɓa ranar da ake bayarwa kyauta, kuma amsar wannan ita ce abin da ya fi jin kunyar faɗa. Ya sunkuyar da kai. Wani ƙanen Barmo ya fara cewa a raba shi da Delu.

Sai Barmo ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, ku bar wahal da kanku. Ni nib ba shi. Na ce mai duk randa ya samu sarari shi je shi ɗiba, ko ina nan ko ba ni nan. Ƙasata ce, na kuwa bayar. Rijiya kau, kowa ya san tun ubana na da rai taka ja baya in ruwa ya yi ƙaranci."

Maigari ya dube shi ya daɗe. Ya san ƙarya ce, liman ya sani, Asabe ma ta sani. Amma mai ƙasa ya ce ya bayar, magana ta ƙare. Aka shafa fatiha.

Kowa zai zaci Abarshi zai ji sanyi a ransa. Ya ji, amma kaɗan. Abin da ya fi yawa shi ne wani sabon ƙyashi da ya taso masa tun kafin a tashi daga tabarma, da ya ji tsofaffi na cewa, "Kai, Barmo ɗan halak ne." Ya fi shi ciyawa, ya fi shi saiwa, yanzu kuma ya fi shi hali, a gaban duk garin. Wannan kuwa ba abin da za a ɗiba a buhu ba ne.

A ƙofar zaure suka haɗu suna neman takalma. Abarshi ya tsaya yana jiran abin da ya san zai zo. Ya san Barmo ba zai bar wannan ta wuce ba, zai yi shekara yana kiransa bawa ɓarawon ƙasa, kuma a karo na farko ya ji a shirye yake ya sha. Barmo ya sa takalminsa, ya ɗago, fuskarsa ba fushi ba dariya.

"Da ka tambaya, da har gida ni kai maka," in ji shi a hankali. "Na ma kai, ta hannun Delu. Sai an jima, Malam Abarshi."

Abarshi bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba. Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu har zauren ya watse.

Abin da ya nema kuwa ya samu. A ƙarshen sanyin nan awon Lurwanu ya nuna babu garkar da ta kai tasa a duk inda aka yi gwajin, har da na wajen Tajaye. Aka ciro allon daga bakin kwalta aka kafa a gangare. Baƙin Yamai suka bar motarsu suka tako yashin ƙorama da takalmansu masu sheƙi, aka ɗauke shi hoto da dami a hannu. Sansa ya yi ƙiba har ana zuwa kallo. Ba wanda ya zo neman ƙasar garkarsa, ko mutum ɗaya, ko da yake ya ajiye fartanya da kwando a bakin rijiya ya daɗe yana jira.

Da aka shiga shekarun casa'in abubuwa suka tsuke, farar motar ta rage zuwa, daga baya ta daina. Aka mai da Lurwanu wani wuri. Irin da mutane suka ɗan tara ya yi ta raguwa har ya ƙare, ganye-uku ta ɓace daga Dogarawa, aka koma harawa da kara. Allon ma Delu ta cire ta rufe akurkin kaji da shi. Maganar asiri ta mutu da kanta, don mutane sun samu wasu abubuwan yi.

Abu ɗaya ne bai koma yadda yake ba. Barmo bai yi gaba da shi ba. Yana zuwa suna, yana zuwa gaisuwa, ranar da ƙirjin Abarshi ya tashi shi ya nemo motar da ta kai shi likita. In sun haɗu sai ya tsaya ya ba shi hannu biyu, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi jiki, gaisuwa cikakkiya irin wadda ake yi wa baƙon da ake ganin girmansa. Abarshi ya gwada tsokanarsa, ya kira shi gajere, ya kira shi mai rijiyar da ba ta kai gwiwa ba. Barmo ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Malam Abarshi." Delu ta je ta roƙi yayanta. Ya ce mata shi bai riƙe kowa a rai ba, wasa ne dai ba a yin sa da wanda yake jin zafinsa.

Akwai wani Chindo, ɗan wata gwaggon Barmo, da ya dawo daga Ikko ya zauna a garin yana gyaran keke. Shi ma ɗan mace ne. Wata ranar kasuwa Abarshi na zaune a rumfar masu albasa, Barmo ya zo ya gaishe shi da hannu biyu kamar kullum, ya tambayi jiki, ya yi masa fatan sauƙi. Yana juyawa ya hango Chindo, sai fuskarsa ta buɗe.

"Kai, bawana! Wa ya ba ka izinin shigowa kasuwa ba ka zo ka gaishe ni ba?"

Ya yi tsalle, da furfurarsa da komai, ya fizge hular Chindo. Chindo ya bi shi tsakanin buhuna yana zagi, kasuwa ta ɗauki dariya.

Abarshi ya yi ƙyashin gero, ya yi na rago, ya yi na allo da hoto, amma bai taɓa jin irin na ranar nan ba. Sunansa na "bawana" ne aka ɗauka aka ba wani mai gyaran keke, wanda ko dariyar bai iya ramawa da kyau ba. Ya bi su da ido har suka ɓace a cikin mutane.

Tun daga ranar, duk ranar kasuwa yana zuwa da wuri ya zauna a bakin hanyar da Barmo ke bi. Dogo ne, shi ya sa yake zama a ƙasa, kan buhu. In ya hango shi tafe sai ya ɗan tura hularsa gefe, ta yi sako-sako, yadda ko gajere zai iya ɗauka ba sai ya yi tsalle ba. Barmo ya iso, ya ba shi hannu biyu, ya ce, "Malam Abarshi, hularka za ta hwaɗi," ya gyara masa ita a kai da kyau, ya wuce.